Bakina Ya Riga Ni Zuwa Ingila

Wani kuɗi ne ba ya kwana a hannunsa, wani fushi ne ba ya iya haɗiyewa. Ni albishir ne ba ya kwana a cikina. Ba na tona asirin kowa, in ka ba ni amanar maganarka da ita za a binne ni. Amma in alheri ya tunkaro ni, ko da ƙurarsa kawai na hango daga nesa, to kafin la'asar an ji a masallacin unguwa, kafin isha'i an ji a gidan surukaina. Hajiyarmu ta daɗe da gano wannan. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai dai ta girgiza kai ta ce, "Yaron nan, kai dai ba a ba ka ajiyar murna."

A farkon 2023 wata jami'a a arewacin Ingila ta turo mini saƙo cewa ta ba ni gurbin digiri na biyu, na shekara ɗaya, za a fara a watan Satumba. Layin farko na karanta, wanda ke taya ni murna, na tashi na zura takalmi. Sauran bayanin sai da labari ya gama gari sannan na zauna na duba. A nan na ga ashe gurbin na sharaɗi ne: sai na kawo takardar sakamakon kowane kwas da na yi a digirin farko, sai na kawo shaidar na iya Turanci, sai na biya kafin alƙalami. Abin da ban faɗa wa majalisarmu ba, domin ni ma a lokacin ban so in sani ba, shi ne irin wannan takarda ba ta da wuyar samu. Ɗalibin waje yana biyan kuɗin da ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, saboda haka yadda muke neman jami'o'in nan haka su ma suke nemanmu. Sun ce mini "bisimilla" ne daga bakin zaure, ni kuwa na shaida wa duniya har an shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida.

Shirin tafiya karatu Birtaniya takardu ne da ke jiran juna, kowace kuma da ranar mutuwarta. Jami'a ba za ta ba ka lambar shaidar karɓa ta CAS ba sai ka cika sharuɗɗanta ka biya wani abu. Ba za ka nemi biza ba sai da lambar, ita kuma lambar wata shida take yi ta lalace. Ba za a ba ka bizar ba sai ka nuna ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko tare da kuɗin ci da kwana, wanda a wancan lokaci fam 1,023 ne a wata ga mai karatu a wajen Landan, har na wata tara, jimilla fam 9,207. Kuma ba nunawa kawai ba: sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusunka ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko na yini ɗaya. In ka ciri na man mota suka gaza, lissafi ya koma farko. Ga takardar gwajin tarin fuka, wadda ake yi a asibitocin da su suka amince da su kaɗai, ita ma ranta wata shida ne. Mai hankali yakan zauna da kalanda ya jera waɗannan yadda kowace za ta riski 'yar'uwarta da rai. Ni abin da na jera shi ne gidajen da zan shiga sallama.

Kada a ce ban yi bincike ba. Na yi, har ya yi yawa, sai dai duk kan abin da ke da daɗin ba da labari ne. A majalisar ƙofar gida na zama malamin Ingila tun ban taɓa ganin cikin jirgin da ke tsallaka teku ba. Na bayyana musu cewa a watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje. Na ce a ƙarshen Oktoba ƙasar gaba ɗaya take mayar da agogo baya da awa ɗaya, wani dattijo ya ce wannan shisshigi ne cikin ikon Allah. Na ce in azumi ya faɗo a tsakiyar bazararsu yakan haura awa 18, aka yi ta salati ana tausaya mini, ina karɓar tausayin da fuskar wanda ya riga ya sha wuya. Na ce ɗalibi na da izinin aiki awa 20 a mako, in ya gama kuma a ba shi shekara biyu ya nemi na kansa. Wani ƙanen abokina ya ɗauko waya nan take ya buga lissafin awa 20 da naira, daga ranar ya fara gaishe ni da hannu biyu.

Duk wannan gaskiya ne. Amma ranar da wata ma'aikaciyar jami'ar ta kira ni ta bidiyo, irin tambayoyin da suke yi don su tabbatar karatun ne zai kai mutum, ta ce in ambaci darussan da ke cikin kwas ɗin nawa, sai na tsinci kaina ina kallon silin. Na san lokacin faɗuwar rana a garinsu, na san inda masallacin Juma'a yake da shagon naman halal, ban san sunan darasi na biyu ba. Allah ya taimake ni intanet ta yanke. Ita ce rana ɗaya tak da na yi wa rashin sabis addu'ar alheri.

Jarrabawar Turanci ma ta faɗi gaskiya a kaina. Jami'o'i da dama na karɓar sakamakon WAEC in mutum ya samu C6 ko sama, amma tawa ta ce nawa ya tsufa, in je in yi IELTS. Kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana, ana ba da maki har zuwa 9, tawa jami'ar kuma 6.5 take so. Ɓangaren magana bai wuce minti 14 ba, kuma na ga alamar mai jarrabawar ya gaji kafin ni. Sau da yawa yana ɗaga hannu in dakata ina ci gaba. A ɓangaren sauraro kuwa sau ɗaya ake kunna muryar, ba a maimaitawa. Wasu mutum biyu suna magana kan hayar ɗaki, ana son in rubuta lambar gida da ranar shiga, ni kuwa hankalina ya tafi kan yadda zan kwaikwayi muryar matar a majalisa. Da sakamako ya fito, makina mafi girma a magana yake, mafi ƙanƙanta a sauraro, da ƙyar ya tsallake. Mai ɗakina ta duba takardar ta ce, "Ikon Allah, Malam. Ashe har Turawa sun gane."

A ƙasar Hausa in ka yi sallama ka ɗauki bashi, ko ka sani ko ba ka sani ba. Duk gidan da na shiga na ce "na zo ne in shaida muku," ba a bar ni na fita hannu rabbana ba. Gwaggo ta daka mini yaji mai citta da kanumfari, ta ɗura a gwangwanin madara ta liƙe bakin da leda. Ƙanwata ta aiko da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Kawu ya sa aka yo mini kilishi daga Agadasawa, ƙunshi guda kamar na mai buɗe shago. Surukata ta yi dambun nama, ta haɗo da kwalbar man shanu, ta ce ta ji abincinsu ba shi da ɗanɗano. Wani tsoho maƙwabcinmu, wanda na san bai fi ƙarfin abincin yini ba, ya kama hannuna ya danƙa mini naira dubu a dunƙule ya ce in sha ruwa a hanya. Wannan dubun ta fi duk sauran kaya nauyi a wurina, har yau.

Sai daga baya, ina duba yawan kayan da jirgi ke ɗauka, yawanci jaka biyu mai kilo 23 kowace, na ci karo da dokar shigar da abinci. Birtaniya ba ta yarda matafiyi daga ƙasa irin Najeriya ya shigo da nama ko abin da aka yi da madara ba. Busasshen kifi an yarda har kilo 20, zuma har kilo 2, amma kilishi da dambu da man shanu babu hanya. Wato ko da tafiyar ta yiwu, da a filin jirgi za a raba ni da kilishin Kawu. Wannan ya rage mini jin kunya a daren da muka kulle ƙofa, muka kashe fitilar waje, ni da mai ɗakina muka fara cin guzurin tafiyar da ba a yi ba. Muna ci tana tambayata ko ya halatta. Na ce ai kyauta ce, ta ce ai da sharaɗi aka bayar, kamar gurbin naka.

Akwai kuma rigar sanyi. A tsakiyar zafin Afrilu na tafi Ƙofar Wambai wurin 'yan gwanjo, na ce a fito mini da wadda ta fi kowace kauri. Mai kayan ya tambayi ina za a, na gyara tsayuwa na faɗa masa, da sunan gari da watan tafiya da abin da zan karanta. Nan take farashi ya tashi, ya ce ai wannan daga can ta zo, gida za ta koma. Baƙa ce, ta kai gwiwa, hularta da gashi a baki, a aljihun ciki har da tsohon tikitin bas na wani Bature. Na zo gida babu wuta, na saka ta na ja zif har wuya na tsaya gaban madubi. Kafin in gama juyawa gumi ya jiƙa singiletina, amma sai da aka ɗauke ni hoto, kuma hoton bai kwana a wayata ba.

Gwajin tarin fukar ma don bakina na yi shi da wuri. Babu abin da ya matsa mini, ina son dai in sami damar cewa "zan leƙa Abuja kan maganar tafiyar nan." Na je, aka ɗauki hoton ƙirjina, aka ba ni takarda mai hotona a jiki, na dawo ina nuna ta kamar ita ce bizar. Wata shidanta suka fara tafiya tun daga ranar, alhali takardar sakamakona na digirin farko tana can jami'ar da na gama, tana jiran sa hannun wani da kullum "ya ɗan fita."

Sai watan Yuni ya zo. A tsakiyarsa Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji ya bar kasuwa ta yi wa naira kuɗi. Kafin nan dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kuma da wannan farashi masu biyan kuɗin makaranta ta Form A suke lissafi, ni ma da shi na yi nawa. Cikin 'yan kwanaki lissafin ya tashi daga aiki. Na fara zarya Wapa wurin 'yan canji ina tambayar fam nawa yau, ba don ina da abin canzawa ba, sai don in ji ko ta sauko. Ba ta sauko ba. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, fam kuma ta doshi 2,000. Fam 9,207 ɗin nan ba ta ƙaru da ko sisi ba a takardarsu, amma a naira ta ninka ta sake ɗoriya.

Ina da fili a bayan gari, shi ne dogarona. A nan ne bakina ya ci ni tara da kuɗi tsaba. Babu dillalin da bai san Malam zai tafi Landan a Satumba ba, kuma dole kuɗi su kwana 28 a banki kafin nan, domin ni da kaina na yi musu wannan darasi. Duk wanda ya zo taya filin sai ya taya kamar yana taimakona. Ɗaya daga cikinsu ya zauna a kan tabarmata, ya sha ruwana, ya ce, "Yallaɓai, mai tafiya ai ba ya jan ciniki. In ka tsaya jiran farashi, kwanakin nan naka na banki fa?" Ya fi ni riƙe ƙa'idar bizar. Na ƙi sayarwa don zuciya, Satumba ta wuce, na rubuta wa jami'a ta ɗaga mini zuwa Janairu.

Janairun kuwa ta zo da nata. Tun a watan Mayun 2023 gwamnatin Birtaniya ta ba da sanarwar cewa daga 1 ga Janairun 2024, mai digiri na biyu irin na aji ba zai tafi da iyalinsa ba, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Na ji sanarwar lokacin da aka yi ta, na ce ba ta shafe ni ba tunda ni ɗan Satumba ne. Alhali na riga na je gaban surukina na durƙusa na ce da 'yarsa zan tafi. Ƙawayenta sun yi mata walima, an yi anko, an ba ta turaren wuta da humra na shekara guda. Ni abin dariya na zama, ita kuwa abin tausayi, kuma ta ce gara nawa. Ta daina zuwa biki na wani lokaci, domin duk inda ta shiga sai wata ta ce, "A'a, 'yan Landan, ashe kuna nan?"

Sauran kuɗaɗen ma ba su tsaya jirana ba. Kuɗin biza ya tashi daga fam 363 zuwa 490 a watan Oktoban 2023. Kuɗin lafiya da ake biya tun kafin a taka ƙasar ya tashi daga fam 470 a shekara zuwa 776 a watan Fabrairun 2024, kuma da yake bizar mai kwas na shekara ɗaya takan zarce wata 12, na shekara ɗaya da rabi ake biya, fam 1,164 ke nan. Takardar tarin fukata ta mutu a cikin fayil ba tare da kowa ya taɓa tambayarta ba. Janairu ma ta wuce.

Hajiya ta ce bakin mutane ne. Na ce mata ba baki ba ne, canji ne, abin ya shafi dubban ɗalibai, har waɗanda suka riga suka isa can. A watan Mayun 2024 ma BBC ta ba da labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar saboda sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci bayan faɗuwar naira. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To su waɗannan da canjin ya kama, su ma sai da suka bi gida-gida suna karɓar yaji?" Ban da amsa. A ganina ta yi kuskure kan dalilin da ya hana tafiya, amma kan dalilin da ya hana ni fita ƙofar gida ba ta yi ba. Wani abokin aikina ya nemi gurbi lokaci ɗaya da ni, canji ya kayar da shi kamar yadda ya kayar da ni, kuma yana yawonsa a gari da ƙafa biyu domin babu wanda ya san ya taɓa nema.

A wurin aiki kuwa, tun ban cike takardar hutun ƙaro karatu ba na riga na yi wa kowa wasiyya. Na ce wa wani yaro da ke ƙarƙashina in na tafi ya ɗauki teburina na kusa da taga, da fankar da ke kai. Bai jira ba. Wata safiya na iske ya kwaso fayilolinsa ya jera, ya ce yana sabawa ne a hankali. Har yanzu a can yake, ni ina kusa da ƙofa inda kowa ke wucewa yana tambayata yaushe.

Wannan "yaushe" ita ta sauya mini hanyoyi. Na koma sallar Juma'a a wata unguwa. Na koyi fita da sassafe da dawowa bayan isha'i. In na hango tsohon nan mai naira dubu sai in shige lungu, shi kuwa in ya riske ni ba ya tambayar komai, addu'ar sauka lafiya kawai yake ƙara mini, wadda ta fi tambayar ciwo. Da hunturu ya kankama a Kano wata asuba na saka baƙar rigar nan zuwa masallaci, ina cewa duhu zai rufa mini asiri. Muna sallamewa na ji daga sahun baya an ce, "Ai rigar Landan ce, ana gwaji."

Mafi muni shi ne ranar da na haɗu da wani tsohon abokin makaranta a Kantin Kwari. Ya ga hoton rigar tun bara, bai ji sauran labari ba. Ya rungume ni ya ce, "Mutanen Ingila! Yaushe ka dawo? Ka ga yadda ka yi fari kuwa?" Ni da ɓuya a ɗaki ce ta sa na washe. A nan ya kamata in ce ban je ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai sanyi ne, ba a cewa komai." Ya tambayi azumi, na ba shi labarin awa 18. Ya tambayi abinci, na ce ai ko kilishi ba sa bari a shiga da shi. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba in an bi kalma-kalma, kuma na san wannan ba hujja ba ce a gaban Allah. Mun rabu a kan zai zo gida karɓar tsaraba.

Yanzu jami'ar ta sake ba ni gurbi, wannan karon ba sharaɗi, sakamakon IELTS ɗina kuma da sauran ransa tunda shekara biyu yake yi. Na sayar da filin ta hannun wani ɗan'uwa da ya ce wa dillalai mai shi ba ya gaggawa. Na haddace sunayen darussan. Kuɗin suna kwance a asusu suna cika kwanakinsu, katin cirar kuɗin yana hannun mai ɗakina, haka ma dokar gidan: ba sallama, ba hoto, ba "zan leƙa Abuja," sai ranar da fasfo ya dawo da biza a ciki. Ta sa na yi alkawari a gaban Hajiya. Kuma na riƙe, Allah shaida, in ban da ranar da na kai ɗinki. Tela ya ce sai bayan wata biyu, aiki ya yi masa yawa, na ce ba zai yiwu ba, ya ce me ya sa, to ka ga ai dole a ba mutum dalili.

Shekaranjiya na tsaya wurin mai shayin bakin layi. Yana fifita wuta bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗan Landan, ina aka kwana a maganar tafiya?" Na haɗe fuska na ce, "Sai yadda Allah ya yi." Ya miƙo mini kofi ya ce, "Haka ne. Amma tela ya ce Satumba."